Farautar barewa da doguwar bindiga: yadda ake zaɓar kariyar kunne bayan soke harajin salansa a Amurka

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026, wanda ya sayi salansar bindiga a Amurka ya daina biyan harajin dala 200 da gwamnatin tarayya take karɓa tun shekarar 1934. Soke harajin yana cikin babbar dokar haraji da kasafin kuɗi da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, kuma waɗanda suka yi ta fafutukar ganin an soke shi sun daɗe suna kafa hujja da lafiyar kunnen maharba. Daga nan ruɗani ya shigo. Wasu mafarauta sun ɗauka cewa da zarar an ɗaura salansa a bakin bindiga an gama da maganar toshe kunne, wasu suna nan kan tsohon ra'ayinsu cewa harbi ɗaya ko biyu a shekara ba zai kurumtar da kowa ba, ga kuma kasuwa cike da kaya iri-iri, kowanne da lambarsa a jikin kwali, daga soson toshe kunne da bai kai dala 1 ba har zuwa na'urar da ta haura dala 1,000.

Mutanen da abin ya shafa suna da yawa. Ƙidayar da hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta yi a 2022 ta nuna cewa mutum miliyan 14.4 'yan shekara 16 zuwa sama sun yi farauta a shekarar, kuma babu dabbar da ake fita nema kamar barewa. A jihar Wisconsin kaɗai, kwanaki 9 da ake buɗe wa masu bindiga a ƙarshen Nuwamba sukan fitar da mutum sama da rabin miliyan zuwa daji, sanye da riguna masu launi mai haske, galibi ruwan lemo, domin kada wani ya harbi ɗan'uwansa bisa kuskure. Doka ta wajabta rigar. Kariyar kunne kuwa an bar ta ga wanda ya ga dama.

## Yadda ake auna ƙarar harbi

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, kuma ma'auni ne mai yaudarar wanda bai saba da shi ba, domin hawansa na ninki ne. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu, ƙarin 10 kuma yana nufin ya ninka goma. Hirar yau da kullum tana kusan 60, zarton inji yakan kai 110, kunne kuma yana fara jin zafi tsakanin 120 da 130. Ƙaramar bindigar nan mai harsashin .22 takan bayar da kusan 140, bindigogin da ake farautar barewa da su kuwa, masu harsashin .308 ko .30-06 ko .270, sukan bayar da tsakanin 155 da 170 a kusa da kunnen maharbi. A rubuce, tazarar 140 da 160 desibel 20 ce kacal, amma a ƙarfi ninki 100 ne.

Lambar 140 ita ce iyakar da hukumomi suka yi ittifaƙi a kanta. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ce kada ƙara mai zuwa farat ɗaya ta wuce 140, cibiyar bincike ta NIOSH ma a nan ta tsaya, haka dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan ƙara a wuraren aiki. Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da iyakar zuwa 120. Ƙarar masana'anta ana lissafa ta da lokaci, ta yadda NIOSH ta yarda da desibel 85 na awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma sai a raba lokacin biyu. Ƙarar harbi a fili ba ta kai kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba, amma tana wuce iyakar da nisa tun daga harsashin farko, shi ya sa ƙarancin harbi ba ya zama kariya.

Abubuwa uku sukan ƙara mata ƙarfi. Gajeren bututu yana matso da bakin bindiga kusa da fuska, kuma iskar albarushi tana fita da sauran ƙarfinta. Na'urar rage tokari, wadda ake ɗaurawa a bakin bindiga don sassauta dukan da take yi wa kafaɗa, tana aiki ne ta hanyar karkatar da iskar zuwa gefe da baya, wato zuwa wajen maharbi da na kusa da shi. Sai kuma maɓoya mai bango da rufi, irin akwatin katako ko na roba da mafarauta ke zama a ciki lokacin sanyi: idan bakin bindiga bai fita ta taga sosai ba, bangon yakan dawo da ƙarar cikin kunne.

## Abin da ƙarar take yi a cikin kunne

Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000 zuwa 16,000. Su ne suke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa, kuma a jikin ɗan'adam waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Kunne yana da 'yar tsoka a tsakiyarsa da takan ɗame idan ƙara ta yi yawa, sai dai kafin ta motsa ƙarar harbi ta riga ta shige ta yi ɓarnarta.

Ɓarnar takan fara a sashen da ke jin siririn sauti, wajen hatz 4,000 a ma'aunin kaifin sauti, inda baƙaƙe irin su s da f da sh da ts suke. Wannan ne ya sa mai irin wannan matsala ba ya ɗaukar kansa kurma. Yana jin ana magana, yana jin ƙarar mota da bugun ƙofa, amma a taron biki ko wurin cin abinci kalmomi sukan cakuɗe masa, muryar mata da ta ƙananan yara kuma su fi ba shi wahala. Likitocin kunne sukan gane maharbi daga sakamakon gwajinsa, domin mai harbi da dama kunnensa na hagu ne yake fi lalacewa: idan ya kwantar da kumatu a gindin bindiga, kunnen hagu yana fuskantar bakinta, na dama kuma kai da kafaɗa sun ɗan kare shi.

Da yawa sukan ce kunnensu ya toshe bayan harbi, ya yi ta kuka, amma kashegari ya washe, don haka babu komai. A 2009 masu bincike biyu na Harvard, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ko bayan ji ya dawo daidai a gwaji, wani ɓangare na mahaɗar ƙwayoyin nan da jijiya ya riga ya lalace. Har yanzu ana binciken iyakar yadda hakan yake a jikin mutane, amma ya isa ya hana a ɗauki washewar kunne a matsayin shaidar cewa an tsira. Kukan kunne kuma wani lokaci ba ya tafiya har abada, kuma shi ne larurar da ta fi kowace yawa cikin waɗanda ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ke biyan diyya a kansu, inda masu karɓa suka haura miliyan 2.

Binciken da aka fi ambata game da mafarauta an yi shi ne a garin Beaver Dam na Wisconsin, aka buga a shekarar 2000, kan maza 'yan shekara 48 zuwa 92. An gano cewa haɗarin rasa jin siririn sauti yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100 a duk shekara 5 da mutum ya yi yana farauta. An kuma gano cewa kashi 95 cikin 100 na mafarautan ba su sa kariyar kunne ko sau ɗaya ba a shekarar da ta gabata, alhali cikin masu harbin gwaji kashi 38 ne suka faɗi haka.

## Me ya sa mafarauci yake barin kunnensa a buɗe?

Tazarar da ke tsakanin 95 da 38 ita ce zuciyar matsalar, kuma kuskure ne a fassara ta da jahilci ko taurin kai. Mutum ɗaya ne yakan rufe kunne a filin gwaji, ya bar shi a buɗe a daji, domin a daji da kunne ake farauta. Mafaraucin da ya hau kujerar da ya ɗaure a kan bishiya tun kafin asuba yakan shafe sa'o'i bai ga komai ba, yana sauraron busassun ganye, yana rarrabe tsalle-tsallen kurege da takun barewa mai tafiya tana tsayawa, yana kuma ƙoƙarin gane ta wane ɓangare motsin ya fito kafin ya juya kansa. Idan ta bayyana, sau da yawa daƙiƙoƙi kaɗan ne tsakanin ganinta da ɓacewarta, kuma ɗaga hannu zuwa kunne ya isa ya kore ta. Akwai kuma batun tsaro, musamman inda ake farautar taro, wasu na koro dabba wasu na jira, domin dole kowa ya ji muryar abokinsa ya san inda yake.

Hujja ɗaya ce daga cikin hujjojinsu ba ta da tushe, wato cewar da sukan yi ba su ma ji ƙarar ba lokacin da suka harbi barewa. Gaskiya suke faɗa, domin idan zuciya ta ɗauki zafi hankali yakan tattaru a kan dabbar, ƙwaƙwalwa ta ƙi kula da ƙarar. Amma katantanwar kunne ba ta san da wannan ba, ƙarfin da ya dake ta a filin gwaji shi ne ya dake ta a daji.

Saboda haka tambayar da ta dace da mafarauci ta bambanta da ta ma'aikacin masana'anta. Abin da yake nema shi ne kariyar da za ta kasance a kunnensa, a liƙe, a daidai lokacin da ya ja kunama, ba tare da ta hana shi jin daji a sa'o'in da suka gabata ba.

## Lambar da ke jikin kwali

Duk abin kare kunne da ake sayarwa a Amurka yana ɗauke da lambar da ake kira NRR, wadda hukumar kare muhalli ta EPA ta wajabta rubutawa tun 1979, kuma tana nuna desibel nawa abin ya rage a ɗakin gwaji. Mafi girma a kasuwa ita ce 33, ta matoshin soso. Murfin kunne mai kauri yakan tsaya kusan 30, siraran murafen maharba kuma tsakanin 20 da 25. A Turai lambar SNR ake rubutawa, hanyar lissafinta daban ce, kuma takan ɗara NRR da 'yan maki a kan kaya iri ɗaya, don haka ba a kwatanta kwalin Turai da na Amurka kai tsaye.

Lambar tana da rauni biyu. A ɗakin gwaji ƙwararre ne yake saka wa mutum abin a kunne cikin natsuwa, kuma binciken da aka yi a masana'antu ya nuna cewa abin da ma'aikata ke samu a zahiri ya yi ƙasa da haka ƙwarai. Shi ya sa OSHA take ba da shawarar a cire 7 daga lambar sannan a raba saura biyu, ta yadda 33 za ta koma 13, NIOSH kuma ta ce a rage kashi 25 cikin 100 ga murfi, kashi 50 ga soso, kashi 70 ga sauran matosai. Rauni na biyu shi ne an auna lambar da ƙara mai ɗorewa irin ta inji. A 2009 EPA ta gabatar da shawarar sabunta tsarin don ya haɗa da ƙara mai zuwa farat ɗaya, amma ba a kammala dokar ba. Gwaje-gwajen da masu bincike suka yi da harbi na gaske sun nuna cewa kariyar da aka saka daidai takan yi aiki sosai a kan ƙarar bindiga, fiye da abin da lissafin masana'anta zai sa a zata. Sharaɗin shi ne sakawa daidai. Lambar tana da amfani wajen kwatanta kaya biyu na kasuwa ɗaya, amma wanda ya ɗauki 165 ya cire 22 ya ce ga abin da ya isa kunnensa, lissafin takarda ya yi.

Haka nan haɗa matoshi da murfi ba ya tara lambobinsu. Ƙa'idar da ake bi ita ce a ƙara kusan 5 a kan lambar da ta fi girma, domin sauti yana shiga ta ƙashin kai ko da an rufe ramin kunne gaba ɗaya. Desibel 5 ɗin nan kuwa ba ƙarami ba ne, ya rage ƙarfin zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

## Kayan da ke kasuwa

Matoshin soso shi ne mafi arha kuma mafi ƙarfi, shi ne kuma aka fi sakawa ba daidai ba. Ana murza shi da yatsu har ya zama siriri babu lanƙwasa, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama da baya don ramin ya miƙe, a tura shi ciki, a riƙe da yatsa na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Idan wanda ke tsaye a gabanka yana ganin rabinsa a waje, bai shiga ba. A filin gwaji wannan abu ne mai sauƙi. A kan bishiya, da safar hannu, cikin sanyin da ke sandarar da yatsu, ga barewa tana tafiya, ba mai yiwuwa ba ne, wanda kuma ya saka shi tun safe ya rabu da jin daji. Akwai matosai masu baka da ake ratayawa a wuya a tura su cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma sun fi babu nesa ba kusa ba, sai dai duk amfaninsu ya rataya a kan mutum ya tuna da su a lokacin da hankalinsa ya fi tashi.

Murfin kunne mai lantarki shi ne ya fi kusa da warware matsalar. Yana da makirufo a waje da ƙaramar lasifika a ciki, yana shigo da ƙaramin sauti, har ya ƙara masa ƙarfi idan an so, amma ba ya barin abin da lasifikar ke fitarwa ya wuce kusan desibel 82. Abin da masu saye da yawa ba su fahimta ba shi ne cewa lantarkin ba ya tare ƙarar harbi ko kaɗan. Kwanon murfin da katifarsa ne suke tarewa, aikin lantarkin kawai ya ƙi shigo da ƙarar ta lasifika. Idan batir ya mutu kariya tana nan, ji ne yake tafiya, idan kuma katifar ta ɗaga daga fata kariya ta ragu ko da na'urar ta fi kowace tsada. Irin waɗanda aka fi gani, kamar Impact Sport na Howard Leight mai lamba 22 da Razor Slim na Walker's mai lamba 23, an sirantar da su ne domin kada su bugi gindin bindiga, kuma sirantar ce ta rage musu lamba. Na Peltor da Sordin sun fi tsada, sun kuma fi suna wajen tsabtar sauti da jure ruwa.

Abubuwan da ke ɗaga katifar ƙanana ne, shi ya sa ba a kula da su: ƙafar tabarau mai kauri, gefen hular sanyi, gashi mai yawa, da kuma gindin bindiga da ke tura kwanon sama lokacin da maharbi ya kwantar da kumatu yana duba madubin saiti. Katifa mai taushi irin ta jel tana rage wannan. Iska mai ƙarfi takan cika makirufo da huci, sanyi yana cinye batir, kuma mafi muhimmanci ga mafarauci, gane inda sauti ya fito yakan ragu, musamman rarrabe gaba da baya. Wanda ya fara saka murfin ranar buɗe farauta zai ji kurege mai nisa kamar yana ƙarƙashin bishiyarsa, ya cire shi kafin hantsi. Sabo ne maganin wannan, wato a yi ta yawo da shi a daji makonni kafin lokacin.

Matoshi mai lantarki da ke zama cikin ramin kunne yana yin wannan aikin ba tare da ya taɓa gindin bindiga ko hula ba, kuma da yake makirufonsa yana cikin kunne, gane inda sauti ya fito yakan fi sauƙi. Farashinsa yakan kama daga kusan dala 100 zuwa sama da 1,000 ga wanda ƙwararren ma'aikacin ji yake auna kunnen mutum ya ƙera masa nasa. Akwai kuma matoshi mai 'yar ƙofa wanda ba ya amfani da batir, fasahar da cibiyar binciken haɗin gwiwar Faransa da Jamus da ke garin Saint-Louis na Faransa ta yi fice a kanta: ƙaramin sauti yana wucewa ta siririn ramin, ƙara mai ƙarfi kuma ramin ya tauye ta. Ya dace da harbi ɗaya ko biyu a fili, amma kariyarsa ba ta kai ta soso ba, kuma ba a dogara da shi kaɗai a filin gwaji.

A kan irin wannan matoshi ne aka yi ɗaya daga cikin manyan shari'o'in Amurka. Tsofaffin sojoji sun yi ƙarar kamfanin 3M kan matoshin Combat Arms mai kai biyu, wanda aka raba wa dakaru tsakanin 2003 da 2015, suna cewa ya yi gajarta kuma yakan sassauta a kunne ba tare da mai shi ya sani ba. A 2018 kamfanin ya biya gwamnati dala miliyan 9.1, a 2023 kuma ya amince da biyan kusan dala biliyan 6 don sasanta ƙararraki kimanin 250,000, ba tare da ya amsa laifi ba, yana mai cewa matoshin yana aiki idan an saka shi yadda ya kamata. Ɓangarorin biyu sun saɓa kan wanda ke da alhaki, amma dukansu a kan liƙewa suke magana.

## Salansa: abin da take yi da muhawarar da ke kanta

Aikinta irin na salansar babur ne: bututu mai ɗakuna a ciki, inda iskar albarushi ke bazuwa ta huce kafin ta fita. A kan bindigar farauta takan rage desibel 20 zuwa 30, wato daga wajen 165 zuwa kusa da 140, wani lokaci ƙasa kaɗan, wani lokaci sama kaɗan, gwargwadon harsashi da tsawon bututu da ingancinta. Ba ta taɓa tsawar da harsashi ke yi a iska ba, domin yana gudun mita 800 ko fiye a daƙiƙa, sauti kuma kusan 340 yake yi. Ragin babba ne, kuma ya fi sauran hanyoyi da abu guda: a kan bindiga yake, don haka ba a mantawa da shi, kuma yana kare abokin farauta da yaro da kare a lokaci guda. Amma a bakin iyaka take ajiye mutum, kuma ga yaro 140 ta wuce 120 da ninki 100.

Masu goyon baya, ciki har da ƙungiyar NRA ta masu kare haƙƙin mallakar bindiga da ƙungiyar masu ƙera salansa, suna cewa kayan kare lafiya ce da aka hana talaka ta hanyar haraji, suna kuma tunatar da cewa dala 200 a 1934 ta haura dala 4,000 a kuɗin yau. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar da matsaya a 2024 tana goyon bayan amfani da ita don kare ji. Sukan kuma yi nuni da Turai, inda dokar mallakar bindiga ta fi tsanani amma salansa ta zama ruwan dare ga masu farautar barewa a Birtaniya da Finland da Norway, Jamus ma ta sassauta wa mafarautanta a 2020. Masu adawa, irin su ƙungiyoyin Everytown da Giffords masu neman a tsaurara dokar bindiga, suna cewa ƙarar bindiga gargaɗi ce da ke sa mutane su gudu, 'yan sanda su san inda ake harbi, suna kawo misalin harin Virginia Beach na 2019 inda maharin ya yi amfani da salansa ya kashe mutum 12, suna kuma cewa matoshi da murfi sun wadatar ga mai son kare kunnensa. Kowane ɓangare yana da inda ya zarce: na farko yakan bar mutane su zaci salansa ta isa ita kaɗai, na biyu yakan manta da kashi 95 ɗin nan na Beaver Dam.

Haraji kawai sabuwar dokar ta cire. Rajista da hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi tana nan, da hoton yatsu da binciken tarihin mai saye, kuma jihohi 8, ciki har da California da New York da Illinois, har yanzu sun haramta mallakarta. Kuɗinta kanta yakan kama daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da 1,000, tana ƙara wa bindiga tsawo da nauyi, kuma bayan ɗaura ta sai an sake gyara saiti.

## Wanne ya dace da wa?

Filin gwaji da daji wurare biyu ne masu buƙata daban. Yawancin harsasan da mafarauci ke harbawa a shekara a filin gwaji suke tashi, lokacin gyara saiti, ƙarƙashin rumfa mai dawo da ƙara, ga kuma bindigogin maƙwabta. A nan masana sun haɗu a kan soso da murfi tare, kuma murfi mai lantarki a kan soso yana ba da damar jin umarnin mai kula da filin idan an ƙara murya.

A daji, mai zama wuri ɗaya a kan bishiya ko a maɓoya ya fi dacewa da murfi mai lantarki, wanda a sanyin Nuwamba yake ɗumama kunne ma. Mai bin sawu da ƙafa cikin tsaunuka, wanda gumi da nauyi za su sa ya cire murfi, matoshi mai lantarki ko mai 'yar ƙofa ya fi masa. Wanda bindigarsa ke da na'urar rage tokari, ko gajeren bututu, ko yake harbi daga cikin akwati, ya kamata ya ɗauki kansa kamar yana filin gwaji. Wanda ya riga ya fara rasa ji shi ya fi kowa amfana da lantarki, domin yana dawo masa da motsin ganyen da ya daina ji, sai dai na'urar taimaka wa ji ta asibiti ba kariya ba ce, tunda yawanci ba ta liƙe ramin kunne. Yaron da ake koya wa farauta yana buƙatar murfi daidai kansa, domin na manya yakan bar ƙofa a ƙasan kunne. Gwaji mafi sauƙi ga kowa shi ne ya saka kayan tare da hula da tabarau da rigar da zai fita da su, ya ɗora bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta a kafaɗa, ya kwantar da kumatu, ya lura ko katifar ta motsa.

Ta fuskar kuɗi, murfi mai lantarki na talaka bai kai dala 100 ba, na'urar taimaka wa ji ta asibiti kuwa takan ci dubban daloli, kuma tsarin inshorar Medicare na asali, wanda tsofaffin Amurka suka dogara da shi, ba ya biyan kuɗinta.

Maharban ƙasar Hausa da ke fita da adaka, da masu harba bindigar gargajiya a hawan salla, kunnensu yana karɓar irin wannan dukan, kuma audugar da wasu ke cusawa ragin da take yi kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da matoshin soso da ake samu a shagunan kayan kariyar ma'aikata. Ko a ina mutum yake, idan bayan harbi kunne ya toshe ko ya ci gaba da kuka fiye da kwana ɗaya ko biyu, ko ji ya ɗauke a ɓangare guda, ko aka ga jini ko ruwa na fita, a gaggauta ganin likitan kunne, domin maganin da ake bayarwa a irin wannan hali ya fi yin tasiri a kwanakin farko.